Jeren Ɗakin Kunkuru

A garin Madarumfa, kusa da bakin tafki, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Yarinya ce mai son ado. Ko kara ta tsinta a hanya, sai ta ɗaura masa ƙyalle ta ce amarya ce.

A gidansu akwai wani kunkuru. Ba nata ba ne, na kakarta ne, Kaka Zulai. Ranar da aka kawo Kaka gidan miji daga Gabi, a cikin 'yar ƙwarya ta zo da shi. A lokacin bai wuce tafin hannu ba. Yanzu kuwa sai mutum biyu sun kama kafin a ɗaga shi. Ya girmi Baba, ya girmi katangar gidan.

Kaka ce ta raɗa masa suna Gaggawa. Tsokana ce kawai. Kafin ya taka daga gindin rumbu zuwa zaure, an gama tuwo an kwashe. Abu ɗaya ne ke sa shi sauri, shi ne jan abu. Nuna masa jan tumatir ka sha kallo. Sai ya miƙe wuya, ya taho yana tuntuɓe. Kowa a gidan ya san haka, har yarinyar.

To, idon Kaka ya daɗe da yin yana. Ta yi shekaru ba ta gani sosai. Da hannu take sanin Gaggawa. Kullum da safe sai ta shafa bayansa, ta ce, "Kana nan, tsoho?"

Da bazara ta yi, aka ce za a kai Kaka Maraɗi a yi mata aikin ido. Za ta zauna wurin ɗiyarta, Gwaggo Zuwaira, har ta warke. A lokacin ne kuma Baba ya ce zai rushe tsohon rumbu kafin ruwa ya sauka. Ramin Gaggawa kuwa a ƙarƙashin rumbun yake. Dole a yi masa sabon wuri.

Ranar tafiya, Kaka ta kira yarinyar. Ta lalubo hannunta ta riƙe.

"Ƙawata, zo in ba ki amana," in ji Kaka. "Ga Gaggawa nan. Ki sa a yi masa wuri mai inuwa. Ki ba shi ruwa da ciyawa. Iyakarta ke nan."

"To, Kaka."

"Ba 'to' na baki ba. Kin san me nake so? In Allah ya buɗe mini idon nan, shi nake so in fara gani a gidan nan."

"Ba ni ba?"

"Ke ai muryarki ta ishe ni," in ji Kaka. "Shi kuwa ba ya magana."

Aka yi dariya. Baba ya ɗauki Kaka a motar haya, ya kai ta Maraɗi ya dawo.

Yaya Aliyu, wan yarinyar, shi ya gina wurin. Ya zaɓi bayan ɗakin Kaka, gindin dalbejiya. Ya haƙa ƙasa da zurfi, ya jera tubali, ya shafe da laka. Ya kafa 'yar rumfar zana a gefe. Shi da Baba suka ɗauko Gaggawa suka sa a ciki.

"Ga gidan maigidanki nan," in ji Aliyu. "Na gama nawa."

Yarinyar ta tsaya ta duba. Ƙasa, laka, zana. Ko'ina launi ɗaya. Ta taɓe baki.

"Wannan ne Kaka za ta fara gani da sabon idonta?"

"Kunkuru ta ce za ta gani, ba gida ba."

"Haba, Yaya! Ko ɗakin ajiye gawayi ya fi wannan kyau."

Aliyu ya wanke hannunsa ya yi gaba. Ita kuwa tunaninta ya tafi Maraɗi. Ba a daɗe da bikin Gwaggo Zuwaira ba, kuma da yarinyar aka je jere. Ta ga yadda mata suka jera kwanoni har sama. Ta ga labule mai ƙyalli, ta ga madubi, ta ga furen roba. Tun ranar abin ke ranta.

Ta ce a zuciyarta, "Ni ma jere zan yi wa Gaggawa."

Ta kira ƙawarta Binta, 'yar maƙwabtansu. Suka shiga tsince-tsince. Suka samo leda ja da ruwan ɗorawa, suka yanka siri-siri, suka rataya a bakin rumfa. Wai labule ke nan. Suka samo fasassun awarwaro na kwalba, suka kafa a ƙasa. Binta ta kawo gutsuren madubi. A hanyar garka, wato lambu, suka tsinci wata gorar roba mai hoton tsutsa a jiki. Suka yanke gindinta, ta zama kwanon ruwa.

"Kai, ya yi kyau!" in ji Binta. "Saura dai zane a ƙasa. Na Gwaggonki har da darduma."

Yarinyar ta dubi ƙasar wurin. Can sai ta tuna da buhun Baba.

A zaure akwai wani ƙaramin buhu a rataye. Irin wake ne na shuka. Baba ya gauraya shi da wani jan gari, ya ɗaure hannunsa da leda lokacin da yake yi. Waken ya fito jajir, gwanin sha'awa. Da ya gama, ya tara yaran gida ya ce, "Kada wanda ya taɓa buhun nan."

Yarinyar ta ji maganar sarai. Amma ba ta tambayi dalili ba. Ita ta ba kanta dalili. Ta ce ai don iri yana da wuyar samu ne, kuma tafi biyu ba zai rage komai ba.

Ta jawo turmi, ta hau, ta kwance bakin buhun. Ta ɗebi tafi biyu ta zuba a aljihu. Ta mayar da ɗaurin yadda yake.

Suka jera jan waken a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Suka yi tauraro a tsakiya, suka zagaye shi da layi. Gaskiya abin ya yi kyau, ba a ƙi faɗa ba. Gaggawa yana can cikin rumfa, ya ja kansa ciki saboda zafin rana.

Da yamma Inna ta leƙo daga nesa. Ledoji kawai ta hango suna kaɗawa.

"Mi kuke yi nan tun ɗazu?"

"Jere muke yi, Inna."

"Jere! Allah ya shirye ku. Zo ki wanke hannu da sabulu, ga tuwo."

Washegari da safe yarinyar ta kai wa Gaggawa ganyen salati. Ta tarar da shi a tsakiyar wurin. Wuyansa a waje, kansa a ƙasa. Wani yawu mai kumfa yana bakinsa.

"Gaggawa, tashi ga abinci."

Bai motsa ba. Ta duba tauraronta, ta ga ɓangare guda babu.

Gabanta ya ɗan faɗi. Amma ta ce wa kanta barci yake yi. Tauraron ne ya fi damunta. Ta ciro sauran waken daga aljihu, ta cike gurbin da ya ɓace. Sannan ta ɗauki jakarta ta tafi lakwal, wato makaranta.

A aji, malaminsu Mushe Habibu, wato Malam Habibu, ya ba da lissafi. Ya ce kowa ya rubuta amsa a allonsa ya ɗaga. Yarinyar ta ɗaga nata. Mushe ya zo wucewa, sai ya tsaya. Ba allon yake kallo ba, yatsunta yake kallo.

"Ke, lalle ne wannan?"

"A'a, Mushe."

"Kawo hannun in gani."

Ta miƙa. Ya duba farcenta, ya sunsuna. Fuskarsa ta canja.

"Irin shuka kika taɓa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin ci wani abu da hannun nan yau?"

"A'a. Da ludayi na sha kunu."

"Cikinki na ciwo? Kanki fa?"

"Ba sa ciwo."

Ya fita da ita bakin randa. Ya sa ta wanke hannu da sabulu, ta sake wankewa. Sannan ya tsuguna daidai tsayinta.

"Kin san me ya sa ake rina iri ja?"

"Don ya yi kyau."

"A'a. Guba ce a jikinsa. Ana sa ta don ƙwari su bar shi ya tsiro. Jan nan kuwa gargaɗi ne, don kada mutum ko dabba su ci. Me kika yi da shi?"

Nan take ta tuna da tumatir. Ta tuna yadda Gaggawa ke tahowa da sauri in ya ga jan abu. Ta tuna ɓangaren tauraron da ya ɓace, da wanda ta ƙara da hannunta ɗazu.

"Wayyo Allah, Mushe! Kunkurun Kaka!"

Ta fashe da kuka. Cikin kukan ta faɗa masa komai. Mushe bai tsaya faɗa ba. Ya kira Baba a waya, ya bar ajin a hannun wata malama, ya goya ta a moto, wato babur, suka nufi gida.

Sun tarar Baba ya riga su isowa daga garka. Yana tsaye a kan Gaggawa. Inna tana share waken da tsintsiya, ta ɗaure hannunta da leda. Sa'a ɗaya, Gaggawa bai ƙara cin ko ƙwaya ba. Ba shi da ƙarfin ci.

Baba ya ɗauki kwanon ruwan ya juya shi. Ya ga hoton tsutsar.

"Wannan ma gorar maganin feshi ce," ya ce. "A ina kika samo ta?"

"A hanyar garka, Baba."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mata sauƙi.

"Da kajin uwarki ba a kulle suke ba, da yau babu ko ɗaya," ya ce. "Da ƙaramin yaro ne ya shigo nan fa?"

Ya juya wajen Aliyu.

"Aliyu, ɗauro jaki."

Aka shimfiɗa buhu a amalanke, aka ɗora Gaggawa. Yarinyar ta zauna kusa da shi ta riƙe masa kai. Suka bi ta bakin kasuwa zuwa wurin likitan dabbobi. Mutanen gari kuwa ba su bar abin ya wuce ba.

"Kai jama'a, kunkuru a amalanke!"

"Ina za a kai ango?"

"Ku bar shi ya taka mana, zai isa baɗi!"

Aliyu ya yi dariya. Ita ko kai ba ta ɗaga ba.

Likitan dabbobi ya fito yana goge hannu. Ya leƙa amalanken, ya riƙe haɓa.

"Na duba shanu, na duba awaki, na duba raƙuma. Yau kuma ga kunkuru. Me ya same shi?"

Baba ya miƙa masa takardar da jan garin ya zo a ciki. Likita ya karanta. Ya daina wasa.

Ya buɗe bakin Gaggawa a hankali. Ya sa wani ɗan ƙarfe, ya jawo wani abu. Jar leda ce, doguwa, irin ta labulen nan. Ya duba ƙafar gaba, ya ga yanka. Kwalbar awarwaro ce ta yi shi. Ya wanke ciwon. Ya ɗura masa wani baƙin magani mai kama da garin gawayi, ya yi masa allura.

"Wa ke kula da shi?" ya tambaya.

"Ni ce," in ji yarinyar, murya ƙasa-ƙasa.

"To, saurara. Ke da ido kike duba abu. Shi da baki yake dubawa. Duk abin da kika ajiye masa, kin ba shi ne ya ci. Abin da bai ci ba, zai taka shi, ko ya goga jikinsa."

"Zai warke?"

"Ban yi miki alkawari ba. Kullum da safe ki zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi, kada ya kai hancinsa. Ki ajiye shi a inuwa. Ranar da ya ci abinci da kansa, to, ya tsallake. Kunkuru ba ya sauri a komai, har a warkewa."

Suka koma gida. Baba ya kwashe kayan jeren duka ya haƙa rami ya binne. Ya kankare ƙasar wurin, ya zubo sabuwa. Buhun irin kuma ya kai shi ɗakinsa ya sa kwaɗo.

Da la'asar wayar Baba ta yi ƙara. Gwaggo Zuwaira ce. Ta ce an yi aikin lafiya, an rufe idon da auduga. Ta ce Kaka na son magana da ƙawarta.

Yarinyar ta dubi Inna. Inna ta ce, "Karɓi mana. Amanar ke aka ba."

Ta karɓa.

"Kaka, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ina tsohona? Yana cin abinci?"

Ƙarya ta zo har bakinta. "Lafiya lau" kawai za ta ce, a wuce wurin. Ta haɗiye ta.

"Kaka, ba ya ci. Ni na jawo."

Ta faɗi komai, tun daga leda har jan wake. Wayar ta yi shiru. Har ta ɗauka ta katse.

"Kaka?"

"Ina jin ki," in ji Kaka. Muryarta ta yi sanyi. "Wa ya ce ki yi masa ado?"

"So nake sabon idonki ya ga abu mai kyau."

"Ayya, ƙawata. Ni ba ado na bar miki ba. Rai na bar miki."

Sannan ta ce, "Je ki kula da shi. Allah ya tashi kafaɗunsa."

Ranar yarinyar ba ta iya cin tuwo ba.

Daga nan ta kama aiki. Kullum kafin ta tafi lakwal sai ta ɗumama ruwa. Ta taɓa da gwiwar hannu ta ji bai yi zafi ba. Aliyu ya taya ta ɗaga Gaggawa zuwa cikin daro. In ya fito, ta ajiye masa ganye a gabansa. In ta dawo, ta tarar da ganyen ya bushe yadda ta bar shi.

Haka kwanaki suka yi ta wucewa. Kumfar bakin ta tsaya. Ya fara jan kansa ciki. Amma ci, ko kusa.

Wurin kuma ya koma fayau, babu komai sai ƙasa. Wata rana bayan an tashi, ta tsaya wurin Mushe Habibu.

"Mushe, ke nan ba a sa wa kunkuru komai a gidansa?"

"Ana sawa mana. Yana son wurin ɓuya, yana son abin da zai hau. A daji me yake samu?"

Ta yi tunani. "Duwatsu. Ciyawa. Rami."

"Kin taɓa ganin leda ta tsiro a daji?"

Ta yi murmushi, karo na farko tun ranar da abin ya faru.

"Duk abin da kika ɗauko, ki tambayi kanki: in ya ci wannan, me zai faru? In ba ki sani ba, ki tambayi babba. In shi ma bai sani ba, ki bar shi a waje."

Wannan karon a hankali ta bi abin. Ta roƙi Inna wata tsohuwar randa da gindinta ya fashe.

"Inna, me aka taɓa zubawa a ciki?"

"Ruwan sha kawai, tun kafin a haife ki."

Aliyu ya raba randar biyu. Yarinyar ta zauna da dutse tana goge bakin, har ya daina kaifi. Ta bi shi da tafin hannu ta ji sumul. Suka kifa rabin a ƙarƙashin rumfa, ya zama ɗaki mai sanyi.

Ta sa Baba ya sayo sabon kasko marar zurfi, ya zama wurin ruwa. Ta samo duwatsu masu santsi, ta wanke su tas. Ƙananan ta zubar, don kada ya haɗiye. Manyan kawai ta jera. Ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa. A gefe ta shuka yakuwa da lalo, daga irin da Inna ta ajiye da kanta, wanda ba a sa wa magani ba.

Aliyu ya kawo wani katako shuɗi daga jikin tsohuwar mota.

"Ga gada na samo masa."

Ta kankare shi da farce, fenti ya ɓaro. "A'a, Yaya. Zai ci wannan."

"Iye! Yau kuma ke ce likita?"

"Kai dai mayar da shi."

Binta ma ta zo da furen tumfafiya cike da hannu. "Wannan ai ba leda ba ce. Daga daji na tsinko."

Yarinyar ta tsaya. Maganar Binta gaskiya ce, daga daji yake. Amma ta ga farin ruwan da ke ɗiga daga karan. Ta je ta tambayi Inna.

"Tumfafiya?" in ji Inna. "Ruwanta in ya shiga ido sai an sha wuya. Ku fitar da ita, ku wanke hannu."

Binta ta ɓata rai. "To, shi ke nan babu ado ko kaɗan?"

Yarinyar ta dubi katangar da Aliyu ya gina. Ciki na Gaggawa ne. Waje kuwa bakinsa ba ya kaiwa.

"Akwai," ta ce. "Zo ki gani."

Suka jiƙa farar ƙasa da jar ƙasa. Suka zana bayan katangar daga waje. Suka yi taurari, suka yi kifin tafki, suka yi dabino. Binta ta zana kunkuru, ya fito kamar kwanon tuwo mai ƙafa. Ciki kuwa suka bar shi yadda yake.

Gaggawa ya shige rabin randar ya yi zamansa. Har yanzu bai ci komai ba.

Ana nan sai ga ranar dawowar Kaka. Mota ta tsaya a ƙofar gida. Kaka ta fito da baƙin tabarau, ba mai riƙe mata hannu. Maƙwabta suka cika gidan da barka. Inna ta kawo ruwa, ta shimfiɗa tabarma.

"Ku dakata da tabarmar," in ji Kaka. "Ina ƙawata? Kai ni wurinsa."

Yarinyar ta shige gaba. Kaka ta tsaya a bakin katanga. Ta dubi zanen.

"Wannan kwanon tuwon fa?"

"Kunkuru ne, Kaka. Binta ta zana."

"Allah ya ba Binta haƙuri."

Ta tsallaka ciki, ta tsuguna. Ta shafa bakin randar da hannu. Ta taɓa duwatsun, ta leƙa kaskon. Can cikin randar, ƙafafu kawai ake hange.

"Tun ranar bai ci ba," in ji yarinyar. "Na ba shi salati, na ba shi lalo. Tumatir ne kawai ban ba shi ba. Tsoron jan abu nake yi yanzu."

"Jan ba shi da laifi," in ji Kaka. "Je ki ɗauko. Ki wanke shi da kyau."

Ta kawo tumatir guda, ta wanke, ta sake wankewa. Ta miƙa wa Kaka.

"A'a. Ke za ki ba shi."

Yarinyar ta durƙusa. Ta ajiye tumatirin a bakin randar. Kaka ta ƙwanƙwasa randar da yatsa.

"Kana nan, tsoho?"

Shiru. Kowa ya zuba ido, har Aliyu.

Sai ciyawa ta motsa. Kai ya leƙo. Wuya ya biyo baya, ya miƙe. Gaggawa ya jawo jiki, ya tsaya, ya ƙara jawowa. Ya buɗe baki ya kafa wa tumatirin. Ruwan ya gangaro masa a haɓa. Ya sake kai baki.

"Ya ci!" yarinyar ta yi ihu. "Baba, ya ci! Inna, zo ki gani!"

Kaka ta cire tabarau a hankali. Ta kare idonta da hannu. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin kumatunta.

"Ashe haka ka tsufa," ta ce. "Ni ina can ina ganin ka yaro."

Sannan ta juyo. Ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu, ta duba ta sosai.

"Ke kuma ashe haka kika girma. Da kin yi mini ƙarya a waya, da yau ban so ganin fuskar nan ba. Amma ga ta, na gan ta, ta kuma yi mini kyau."

Yarinyar ta faɗa jikinta tana dariya tana kuka.

Tun daga ranar ta riƙe darasinta. Dabba ba ta san ado ba, abin da ba zai cutar da ita ba take bukata. Kafin ka sa wani abu a gidan dabba, ka san mene ne shi, ka san abin da ya taɓa. In babba ya ce kada a taɓa abu, a bar shi, a kuma tambayi dalili. In an yi kuskure, a faɗi gaskiya da wuri.

Gaggawa kuwa yana nan a bayan ɗakin Kaka. Kullum da safe mutum biyu ke zuwa gaishe shi, tsohuwa da jikarta. Kaka ta daina lalube, da idonta take ganin sa.